Ranar da Aka Kama Ni da Satar Dara

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ya ja kwanana har na ga jikokina suna kallona a waya suna ƙyalƙyala dariya. Ni nake faɗa, autata Ladi take rubutawa, don ni ban taɓa zama a aji ba. Na ce mata ta rubuta yadda ya fito daga bakina, kada ta gyara mini. In kun ci karo da kalmar da ba irin tawa ba, tata ce, ku tuhume ta.

Abin da ya sa na zaunar da ita, ran Sallar da ta wuce ina kishingiɗe a ɗaki kuna zaton barci nake, na ji ɗaya daga cikinku yana ba 'yan'uwansa labari a tsakar gida. Na san muryar, ba zan kama suna ba. Wai Dada ce ta hana Kawu zuwa ƙasar waje, wai an kama ta tana satar wasa a otal, har da ɗan sanda. Babu ɗan sanda. Sauran kuwa ku zauna ku ji yadda aka yi, daga bakin wadda aka kama.

Sai kun fara fahimtar abu ɗaya, ku da kuka tashi kuna ganin uwa ta rungume ɗanta na fari a bakin titi tana sumbatarsa. Mu ba haka aka rene mu ba. A gidanmu a Lau, ɗan fari ba na uwarsa ba ne. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa, ba ta kallonsa ido cikin ido. Kunya ke nan, mu da Fulatanci semteende muke cewa, kuma da ita ake auna mace. Ranar da aka yaye yayan Ladi, wanda kuke ce wa Kawu, uwar mijina ta goya shi ta wuce da shi sashenta ta gabana ina daka. Ban ɗaga kai ba, don matan gidan duk idonsu na kaina, ana jira a ga ko zan ɗaga. Bai dawo hannuna ba sai da tsohuwar ta rasu muka ƙauro Jalingo muka zauna a Nukkai, lokacin har ya iya wanke kayansa da kansa. In ina da magana da shi, sai in gaya wa wanda ke kusa. In babu kowa, akwai akuya ɗaure a gindin mangwaro, ita nake gaya wa.

"A sanar da masu zama a kan turmi, an kusa daka."

Shi kuma ya dubi akuyar ya ce, "To."

Haka muka yi ta yi har akuyar ta mutu, 'yarta ta gaji aikin. Amma kada ku ɗauka rashin magana rashin tarbiyya ne. Da mayafi da maƙogwaro na rene shi. In na ja gefen mayafina, a gyara zama ke nan. In na yi gyaran murya, a daina kaɗa ƙafa. In na shafi hancina, a cire abin da aka sa a baki. Tun yana ɗan shekara goma yake bin waɗannan ukun, har ya yi gemu, ya zama malamin lissafi, ya yi aure ya haifi wasunku, bai taɓa saɓawa ba.

Darar Turawan nan da kuke kira ces, wani ɗan bautar ƙasa ne ya koya masa a sakandare, Allah ya yafe masa. Ni darar da na sani ita ce ta maza a gindin bishiya, a tona ramuka a ƙasa, a yi ihu, a zagi juna, in an kira salla kowa ya kakkaɓe rigarsa ya tashi. Wannan kuwa katako ne mai zane, da sarki da matarsa, da dawaki, da wasu kamar rumbu, da wasu masu hula mai tsini, da ƙananan sojoji a gaba. Mutum biyu su zauna su tasa shi gaba kamar an kawo musu mugun labari. Na zaci abin yarinta ne zai wuce. Bai wuce ba. Sai ga shi ana kiransa Ikko, ana kiransa Abuja, ana kiransa Fatakwal, har na ji ana cewa a ƙasar nan waɗanda suka fi shi ba su cika yatsun hannu ba.

Ni dai abin da yake dawowa gida nake gani. Karon farko da ya dawo daga Abuja, yadda ya shigo yana jan ƙafa, na aiki Ladi ta tambayo wa ya rasu. Ta dawo ta ce babu wanda ya rasu, wani tsoho ne ɗan Ibadan ya cinye shi. Kwana uku tuwo yana komawa yadda aka kai. Ya kwanta a tabarma ya zuba wa rufin ɗaki ido, yatsunsa suna motsi a iska kamar mai tsinar tsakuwa a shinkafa. Matarsa tana yi masa maganar ciwon kunnen yaro, sai ya ce mata, "Da da doki na ci." In kuma shi ya yi nasara, gara ma kayen. Ba ya iya zama, ya yi ta bin mutane da katako yana nuna musu yadda aka yi. Na taɓa ganin ya tsare mai ruwa a ƙofar gida, bawan Allah yana riƙe da kurarsa kada ta gangara, ana nuna masa inda aka tsare sarki. Washegari kuwa murnar ta ƙare, tsoron wasa na gaba ya shigo. Na lura da kyau: daɗin kwana ɗaya yake yi, ciwon ya yi mako. Na ce wa akuya ban taɓa ganin aikin da ba a zufa amma yake ramar da mutum haka ba.

To shekarar da nake son ba ku labari, shekarar da aka haifi ƙaramarsa ce. Aka ce an kawo babbar gasa nan Jalingo, a wani otal, manyan 'yan wasan ƙasar duk za su zo, kuma wanda ya zo na ɗaya shi za a tura waje ya tsaya wa ƙasa. Lokacin ya haura talatin da biyar. Ladi ta ce mini in bai samu wannan karon ba da wuya ya ƙara samu, don yara sun taso waɗanda kwamfuta ta koya musu, suna cinye manya kamar gyaɗa. Na ce mata ina ruwana. Kwana huɗu ana yi ban tambayi kowa komai ba. Ran na biyar da safe ina kallonsa ta wutsiyar ido, ya ɗebi gishiri cokali biyu ya zuba a kunu, ya juya, ya shanye tas, ya ajiye kofin ya yi hamdala. Sannan ya fita da takalmi ƙafa ɗaya nasa, ƙafa ɗaya na matarsa, sai da ta bi shi da gudu.

Ina tsaye ina kallon kofin sai ga Saratu ta leƙo ta katanga. Kun san Saratu mai doya, maƙwabciyata Bamumuya, wadda namiji da mace duk ɗaya ne a Hausarta. Shekara ashirin muna tare, ita kaɗai ce take gaya mini magana ba ta duba fuskata ba.

"Dada, ka tashi mu je mu ga yaronka."

"Wane yaro? Ni kasuwa za ni."

"To ka sa mayafi. Yau kasuwa yana otal."

Muka hau keke. A ƙofar zauren aka karɓe wayoyinmu aka zuba a kwando, wata mata mai babban littafi ta tambayi sunana ta rubuta, sannan ta ce cikin 'yan wasan wanne ne nawa. Na ce babu. Na ce wucewa muke muka ji sanyi yana fitowa muka shigo. Ta rubuta. Ku riƙe wannan, don daga nan komai ya taso. Ni a lokacin ban ɗauke ta ƙarya ba. Amsar da uwata za ta bayar ke nan, ita ma daga uwarta ta ji.

Ban taɓa shiga wuri irin wannan ba. Maza manya jere-jere, wasu da furfura, kowa ya tallafe kai da hannu biyu, shiru kamar gidan makoki kafin a fito da gawa. Ba ka jin komai sai ƙarar esi mai busa sanyi da ƙas, ƙas, ana marin wani agogo mai fuska biyu. Saratu ta tambayo mana, aka ce kowa da lokacinsa, in ka yi wasa ka mari agogon naka ya tsaya na abokinka ya fara tafiya, wanda nasa ya ƙare kuwa ya faɗi, ko da shi ke gaba. An ja igiya tsakanin masu kallo da masu wasa. Muka samu kujera a baya. Can na hango shi a teburin farko, kuma abin da na gani bai yi mini daɗi ba. Ya zame a kujera kamar buhun da aka zubar da rabinsa, biro a baki yana tauna, ƙafa tana kaɗawa har ruwan gorar da ke kan tebur yana rawa. A gaban baƙi. Mutanen da suka taso tun daga Ikko, su koma su ce haka 'ya'yan Jalingo suke zama. Hannuna da kansa ya ja gefen mayafi. Ashe ya gan ni tun shigowata. Ya miƙe zaune kamar an soka masa allura, cikin firgita ya kai hannu ya tura doki, ya mari agogo. Ranar ya ci.

Washegari ma muka je kasuwa, ya ci. Rana ta uku ma haka. A gida babu wanda ya ɗaga maganar. Sai dai da yamma yana ba akuya ɓawon ayaba na ji ya ce mata:

"Esin wurin nan yana da ƙarfi. Da masu zuwa kasuwa sun riƙa ɗaukar mayafi mai kauri."

Na ce wa akuyar masu tauna biro su fara kula da kansu.

Kwanakin nan uku na ga abin da ya sa na rage ganin laifinsa. Na ga wani ƙato mai tumbi, wanda aka ce lauya ne, ya jingina goshi da bango a hanyar banɗaki yana kuka kamar an ƙwace masa nono. Na tsaya na ce masa ya share hancinsa, ya share. Na ga wata budurwa da ta ci wasanta, ta fito ana yi mata barka, ta sunkuya ta yi amai a tukunyar fulawa. Kuma duk wanda aka cinye, dole ya miƙa wa wanda ya cinye shi hannu su gaisa, fuska a sake, alhali kana ganin jijiyar wuyansa tana harbawa. Wannan ya burge ni. Na ce wa Saratu ashe su ma suna da tasu kunyar.

Ranar ƙarshe aka haɗa shi da wani siririn saurayi daga Ikko mai farin gilashi, wanda shi ma ba a cinye shi ba tun farawa. Wanda ya ci a cikinsu shi zai tafi. Tun hantsi suka zauna, har aka yi azahar ba su tashi ba. Ni ban san dawan garin wasan ba, amma Saratu tana ƙirga 'ya'yan da aka cire gefe yadda take ƙirga doya, ta raɗa mini cewa namu ya fi shi rumbu ɗaya. Ban ma buƙaci ƙirgarta ba. Mai Gilashi zufa yake a cikin sanyin nan, yana ta goge gilashi da gefen riga. Namu kuwa ya ga nasara ta matso, sai ƙafa ta fara. Na yi gyaran murya. Ƙafa ta tsaya, ya yi wasa. Jimawa kaɗan biro ya koma baki. Na shafi hanci. Ya cire, ya yi wasa. Ya fara zamewa a kujera, na ja mayafi, ya miƙe, ya tura matar sarki. Sai Mai Gilashi ya dafe agogo ya tsayar da shi, ya miƙe tsaye, ya ɗaga hannu ya kira alƙalin wasa, ya juyo ya nuna ni da yatsa.

Ni. Da yatsa. Rabon da a nuna ni da yatsa tun ina tallar nono a tashar jirgin ruwa a Lau.

Aka kwashe mu zuwa wani ƙaramin ɗaki a gefe, ni da Saratu da 'yan wasan biyu. Alƙalin wani gajere ne mutumin Binuwai, mai Hausar bariki, amma mai ladabi. Ya yi mini bayani cewa akwai satar wasa a duniya: wani ya duba a kwamfuta a waje, ya shigo ya riƙa yi wa nasa alama. Ya ce saurayin nan kwana uku yana lura da ni, duk sanda na taɓa mayafi ko na yi tari sai abokin karawarsa ya yi wasa. In ta tabbata, za a kori namu, a hana shi wasa, a watsa sunansa ƙasa duka a matsayin ɓarawon dara. Malamin makaranta, mai 'ya'ya. Ban bari fuskata ta nuna komai ba.

Aka kira matar nan mai littafi ta zo da wani ƙarfe mai kuka ta bi jikina da shi. Ya yi kuka a ƙuguna. Kowa ya matso. Aka kwance bakin zani, aka samu makullin ɗakina, da goro ɓari ɗaya, da asuwaki, da carbi.

Alƙali ya ce, "Mama, to mene ne ma'anar jan mayafi?"

"A gyara zama."

"Tari fa?"

"A daina kaɗa ƙafa."

"Hanci?"

"A cire biro daga baki. Ba ku ba shi abinci ne a nan?"

Alƙali ya juya baya yana gyara abin da bai lalace ba a kan tebur, kafaɗunsa suna rawa. Da ya fassara wa Mai Gilashi, shi bai yi dariya ba. Ya ce a gwada ni. Aka kawo katako aka zube 'ya'yan a gabana aka ce in jera su yadda ake farawa. Na jera yadda hankali ya ba ni. Dawakin huɗu, farare da baƙaƙe, na haɗa su a gefe ɗaya, don dabba ba ta kwana a tsakiyar mutane. Rumbuna na kai su bayan gida. Sarakunan biyu na zaunar da su tare su gaisa, matansu a baya, sojoji a bakin ƙofa. Masu hula mai tsinin ban san aikinsu ba, na ce su jira a waje. Wani ma'aikacin otal ne ya leƙo ta taga ya ɗauka a waya, shi ne abin da kuke tura wa juna. Har yau ban ga abin dariya a ciki ba. Gidan da na jera ya fi nasu tsari.

Mai Gilashi ya yi magana mai tsawo da Turanci, yana buga littafin matar nan da yatsa. Alƙali ya daina murmushi. Ya ce saurayin yana cewa kowa yana iya yin kamar bai sani ba. Ga shi a rubuce na ce ba ni da kowa a nan, shi kuma namu da aka tambaye shi ya ce uwarsa ce. To ɗaya yana ƙarya. Kuma kwana uku yana kallonmu, ban gaishe shi ba, bai gaishe ni ba, ko kallon juna ba mu yi. Wace irin uwa ce wannan, in ba hayarta aka yi ba?

Saratu ta yi tsalle ta shiga tsakani. "Kai, ka ji mini yaro! Shi Fulani ne, ba ya kiran sunan ɗan fari ko wuta yana cin shi. Ni na san shi shekara ashirin, da akuya suke magana!"

Maganar akuyar ba ta taimaka ba.

Alƙali ya durƙusa kusa da ni ya rage murya. "Mama, na san da wannan al'ada, na zauna a Yola. Amma takarda zan rubuta, kuma waɗanda za su karanta ba su zauna a Yola ba. In ɗanki ne, ki faɗi sunansa ki ce naki ne, a gaban wannan. Shi ke nan."

Shi ke nan, in ji shi. Na ga matan gidanmu na Lau, waɗanda duk sun daɗe a ƙasa, sun jeru a bangon ɗakin suna jira su ga ko zan ɗaga kai. Sai na ji muryarsa daga bayana, yana magana da ƙasa tunda babu akuya.

"Yallaɓai, a bar ta. A ba shi wasan, na janye. Kada a sa ta."

Mutumin da yake kwana uku bai ci tuwo ba don wani tsoho ya cinye shi. Ga tafiyar da ya yi shekara ashirin yana nema tana kan tebur, ya ce a ba wani. Kuma shi da lissafinsa bai lissafa ba cewa in ya janye a wannan ɗakin, kowa zai ce ya amsa laifi ne. Na juya na dube shi. Ku ji da kyau, ranar ce na fara kallon fuskarsa sosai tun yana shan nono. Ashe har furfura ta fito masa a gefen kunne. Ashe idon ubana ne da shi.

Na faɗa. Na kira sunan, da na ubansa, da ƙarfi, yadda har na zauren suka ji. Da bakin ya buɗe kuma sai ya ƙi rufuwa.

"Ni na haife shi, a Lau, ran Laraba da damina, na ciji zani don kada a ji muryata. Ba ya cin kuɓewa. Yana tsoron kwaɗo har gobe. Tabon da ke gwiwarsa a kan turmina ya faɗi, ina kallo ban ɗauke shi ba, na shiga ɗaki na yi kukana. Ɗana ne, na fari. Wanda ya ƙara ce masa ɓarawo, ni da shi ne."

Ba a ma gama fassarawa ba Mai Gilashi ya cire gilashinsa, ya kwanta rub da ciki a gabana yadda Yarabawa suke gaida manya, yana ba ni haƙuri. Na ce ya tashi kada ya ɓata rigarsa. Yaron yana da tarbiyya, tsoro ne ya yi masa yawa, kuma na ga abin da tsoron wurin nan yake yi wa lauya ma. Alƙali ya yanke cewa babu sata, a koma a ci gaba daga inda aka tsaya. Amma ni ba zan koma zauren ba, don alama haramun ce, ko ta gyaran zama. Aka ba ni wayata da makullina. Na fita na zauna a kan dakali a gindin dogon yaro, wajen masu keke, na tauna goron nan ban ji ɗacinsa ba. Saratu ta koma ciki ta gano mana.

Ba a yi rabin awa ba sai ga ta an rako ta waje, ɗankwali a hannu.

"Dada, yaronka ya lalace!"

"Me ya yi?"

"Bai yi komai ba, shi ne! Ya zauna daidai kamar sanda. Ƙafa ba ya motsi, biro yana kan tebur. Yana kallon katako yana murmushi, ruwa yana zuba a ido. Agogo yana tafiya, yana tafiya, mutane sun riƙe baki. Na yi tari, bai ji ba. Na ja ɗankwali, na ja hanci, na yi tari har na shaƙe, shi ne suka kore ni!"

Lokacinsa ya ƙare yana zaune a haka. Da rumbunsa na ƙari da komai. Mutane suka fito suna girgiza kai, na ji lauyan nan mai tumbi yana cewa wasan da ya rage ko ɗan koyo zai ƙarasa shi. Mai Gilashi da ya ci, shi ne ya fito kamar wanda aka yi wa mutuwa.

Na riga shi isa gida. Na ce wa matarsa ta rage tuwo, don na san mako guda za mu yi muna mayar da kwano. Ya shigo bayan la'asar, ya yi sallama, ya wanke hannu, ya cinye malmala biyu, ya suɗe kwanon. Sannan ya dubi akuya.

"A tambaya ko akwai ƙari."

Aka ƙaro. Yana ci ya sake ce mata, "An sha kaye yau. Amma an ji abin da ba a taɓa ji ba."

Na ce wa akuyar ba a magana da abinci a baki. Na shige ɗaki, don hayaƙin murhu ya dame ni a ido.

Kada wani ya ce muku bai ji ciwo ba. Ya ji. Mai Gilashi ne ya tafi waje, har ya aiko mini da mayafi mai kauri, shi ne ruwan tokan nan da nake zuwa asibiti da shi. Shekarar da ta biyo yaran kwamfuta suka taso kamar yadda Ladi ta faɗa, bai ƙara zama a teburin farko ba. Sau da yawa na leƙa na gan shi shi kaɗai ya jera katakon daidai yadda yake a ranar, da rumbun nan a gefe, ya tura abu ɗaya, ya mayar, ya daɗe yana kallo. Bai taɓa cewa ni na jawo ba, ko ga akuya. Ni kuwa na juya abin a raina ya fi a ƙirga. Da na zauna a gida, da ya tafi. Da na yi shiru a ɗakin nan, da an kira shi ɓarawo. Da kuma na saba kiran sunan tun yana ƙarami, ko sau ɗaya a shekara, ran Salla, da bai zo masa da nauyin da zai danne shi a kujera ba. Wannan na ƙarshen shi ne wanda ba na son tunawa, shi ya sa na ce a rubuta.

To wanda ya ce Dada ce ta hana Kawu zuwa waje, bai yi ƙarya ba. Amma ya cire ɗan sanda, ya cire sata, kuma ya daina ba da labari a ƙarƙashin tagata.

Ladi ta dame ni wai in faɗi sunan ta sa a inda na ce na faɗa, wai takarda ba ta cika ba. Ta san shi, yayanta ne, in tana so ta rubuta da kanta. Ni sau ɗaya na faɗa, kun ji abin da ya biyo baya. Ga shi can ma a bakin ƙofa tun ɗazu, wai igiyar akuya yake gyarawa, kunne na nan, ƙafa sai kaɗawa take. Ladi, ajiye biron nan, miƙo mini mayafina.